Inda Aka Haifi Baba

Laraba da dare, Yuni 1999

"Malama, ki rubuta Jibiya kawai. Wa zai je ya duba?"

Haka akawun ƙaramar hukuma ya ce mani yau, yana turo mani fom ɗin shaidar zama 'yar jiha. In babu takardar nan, babu aikin koyarwar da nake nema. Laifina ɗaya ne: a Maraɗi, tsallaken iyaka, aka haifi Baba, duk da a Babbar Kasuwar garin nan ya tsufa yana sayar da atamfa, kuma a nan aka binne shi.

A jami'a na karanta yadda shugabanninmu suka sa hannu cewa mutanen ƙasashe maƙwabta za su riƙa shiga da fita kamar 'yan gida ɗaya. Har yabo na samu a jarrabawa. Sojoji sun koma bariki, fom bai sauya ba.

"Ni ma tsohona daga can ya zo," in ji akawun, murya ƙasa-ƙasa. "Haka muka yi duka."

Na tuna yadda Baba ke gyara zama in zai ambaci garinsu. Ban sani ba ko jarunta ce ko wauta, amma Maraɗi na rubuta. Ya karanta, ya girgiza kai. Na ja mashi ƙofarsa, na fito.