Kogi Ya Shiga Allon Sauka

Malam mai filin shawara, don Allah ka taimake ni, barci ya gagare ni, zama ma ya gagara.

Ni mai zayyanar allo ne a Gashua. Tun ina ƙarami Malam Dunoma ya koya mini sana'ar: jiƙa ƙaro, dama shuni da jar garura, jan layi ɗoɗar ba karkata. Bara na je Nguru kallon jirgin ƙasa, na tarar da wani yana zana itatuwa da gajimare a jikin babbar mota da fentin kanti. Na wuni a tsaye kamar an kafa ni. Tun daga ranar hannuna ya daina jin magana. In na zauna bakin kogi sai in kama zana ruwa, da masunta a kan gorunansu, da kalar yamma a kan ciyayi. Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki haka ba.

To, idon Malam Dunoma ya mutu. Ya ba ni allon saukar Kalli, ɗan maƙwabcinmu, in yi masa zayyana. Na fara yadda aka saba, amma layukan gefe suka riƙa lanƙwashewa kamar igiyar ruwa, har na sa kwalekwale a ƙasa. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Malam ya shafa allon da hannu, ya sa mini albarka, bai san abin da ke kai ba. Ranar Juma'a a wurin saukar zai miƙa mini alƙalumansa gaban jama'a, in gaje shi. Ni kuwa zuciyata tana Nguru. Ina ƙaunar tsohon nan, ina kuma tsoron in tsufa ina jan layi ɗaya. Yaya zan yi?

Mai Hannu Biyu, Gashua

Ya kai Mai Hannu Biyu,

Baiwarka ba laifi ba ce, kuma wanda ido ya buɗe masa ba a ce masa ya rufe. Amma allon nan ba naka ba ne. Na yaron da ya sha wuyar karatu ne, shi kuwa irin wanda aka yi wa ubansa yake jira. Nemi sabon allo yau, ka yi masa zayyanar da Malam ya koya maka. Kogin naka ka kai shi bangon zaurenka ko jikin mota, can ne wurinsa.

Sa'an nan ka je wa Malam kafin Juma'a, kai kaɗai, ka faɗa masa duka, har zancen Nguru. Mai yiwuwa ya yi fushi. Mai yiwuwa kuma ya ce ka riƙe sana'o'in biyu, don Nguru ba bangon duniya ba ce. In ba za ka zauna ba, kada ka karɓi alƙaluman.

Kada dai ka bari a ɗaga allon kwalekwalen nan gaban taro. Idonsa ne ya tafi, kunnensa na nan, kuma shirun da mutane za su yi zai gaya masa abin da kai ka kasa faɗa.

Allah ya sa wa hannunka albarka, ya sanyaya zuciyar malaminka.