Buroshin Auta da Kunkurun Kawu

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka, Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Mama ta lafa, har tana takawa zuwa bakin ƙofa ba sanda. Gaisuwata ta tsaya a nan, saura faɗa.

Kwana huɗu Auta ta yi a gadon asibiti ana ƙara mata ruwa. Zazzaɓi, amai, gudawa, yarinya 'yar shekara uku ta koma kamar tsumma a hannuna. Da sakamakon gwaji ya fito, likita ta tambaye ni ko muna ajiye dabba a gida. Na ce babu, don ban taɓa ɗaukar wannan abin da ka kawo wa yara cikin roba a matsayin dabba ba. Auta ce ta ɗago kai da ƙyar ta ce akwai kunkurun Kawu. Likita ta ajiye biro. Ta ce kunkuru yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a jikinsa da ruwan da yake zama ciki, shi kuma lafiyarsa ƙalau, kuma bai kamata ya zauna gida ɗaya da yaron da bai kai shekara biyar ba. Ni da nake karanta takardar cikin kwalin magani har ƙasa, na zauna ana koya mini wanke hannu.

Da muka dawo gida na tsare yayar Auta, ta fashe da kuka ta faɗa mini komai. Kai ne ka ce mata a waya ta riƙa goge wa kunkurun baya da buroshin haƙori duk mako. Ba ka ce tsoho ba, ba ka ce a ware masa nasa ba, ba ka ce a wanke hannu da sabulu ba. Yarinya mai shekara tara ta duba kofin buroshi ta zaɓi wanda ya fi laushi, na Auta, don kada ta ji wa kunkuru ciwo. In ta gama ta ɗauraye, ta mayar inda yake. Wata biyu ana haka, ni ce kuma nake matsa man goge baki a kai safe da yamma.

Na ji ka ce wa Baban yara za ka taho da na biyu, wai wannan yana kaɗaici. Ka kuskura. Na farkon ma na miƙa wa maƙwabcinmu malamin kimiyya, wanda ba shi da ƙananan yara.

Auta ta warware, tana cin abinci. Yayarta ce ba ta warware ba. Ta daina shiga ɗakin da ƙanwarta take, ta ce ita ce ta kusa kashe ta. Na yi magana har na gaji, maganar uwa ba ta shiga, ta Kawu take ji. Ka kira ta ranar da wasiƙar nan ta same ka, ka faɗa mata da bakinka cewa kuskuren naka ne. Ban da wasa, ban da dariyar nan taka.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, da surukarka, da ɗan jaririnku, wanda nake roƙon kada ka saya masa komai mai numfashi. Mama tana sa maka albarka, ba ta san rabin labarin ba.

Buroshin kuwa ban yar ba. Yana cikin leda, na ajiye maka. In ba ka kira ba, shi za ka tarar a kofi ranar da ka zo.

Yayarka.