Mai Gadin Shamuwa

Zuwa ga Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Hajiya da yara, da zaman Legas? Mu nan Rawayya lafiya lau, sai godiyar Allah.

Yaya, wani baƙo ya ɓullo mana daga Gusau, wai shi Malam Nura. Ya ce aikin sa-kai yake yi, yana lura da sheƙar shamuwa kada a ɗebe mata ƙwai. Kullum da hantsi yana gindin tsamiyarka da madubin hangen nesa. Inna har fura take aika masa, wai mai son tsuntsun damina ba zai yi mugunta ba.

Ni kam hankalina bai kwanta ba. Tun kakanninmu shamuwa ke sheƙa a tsamiyar nan, wa ya taɓa yi mata gadi? Jiya na laɓe bayan danga na dube shi da kyau. Shamuwa tana sama, madubinsa yana kan garken shanunka.

In sanar da mai gari, ko in mayar da shanun zuwa Bungudu? Ka gaida Hajiya, ku sa mu a addu'a, kuma ka amsa da wuri. Shamuwa tana da fiffike, shanunka ba su da shi.

Ƙanwarka,
Hadiza