Amyoyin Mahaifina da Itatuwan da Kuka Shafa wa Jan Fenti

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin yanka filayen sabuwar unguwa da ke bayan garinmu, kan hanyar Rurum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, ni ne Habibu, ɗan marigayi Malam Ado Mai Zuma. Na zo ofishinku har ƙafata ta gaji, kullum masinja yana cewa kun fita zagaye. Tunda haka ne bari in faɗa a bainar jama'a, kuma ba zan tauna ba, don zuciyata tafasa take yi.

Na ɗaya. Wurin da taswirarku ta kira fili, kurmi ne. Ɗorawa ce da tsamiya da kanya kewaye da kududdufi, kuma a kan rassansu mahaifina yake ɗaura amyoyin zumarsa tun ba a haife ni ba. Ko yaron goye a nan ya san ba a taɓa itacen da ke ɗauke da amya sai an kira mai ita. Da la'asar sakaliya zai hau da hayaƙin kashin shanu, ya toshe bakinta, ya zuro ta da igiya, ya kai ta wani itacen. Ba wanda ya tambaye mu. Bayan an gama girbin dawa sai ga katafila da injin sare itace da rana tsaka, lokacin da zuma ta fi faɗa.

Na biyu. Ɗorawar farko na faɗuwa amyoyi suka tarwatse, sama ta yi baƙi. Direbanku ya kulle kansa a cikin gilashi, masu awo suka shige mota suka tsere. Shanun huɗarmu suna ɗaure a turke a gindin tsamiya. Na iske su suna birgima, suna dukan ƙasa da ƙaho, igiya ta yanki wuyan ɗaya har jini na tsartuwa. Mahaifina, tsoho mai furfura, ya kutsa da wuƙa zai yanke musu igiya, zuma ta rufe shi tun daga rawani har dugadugi. Da bargo muka jawo shi. Fuskarsa ta kumbura har idanu suka nutse, harshe ya cika masa baki, muna kankare ƙarin da zuma ta bari a fatarsa da bayan wuƙa. A kan babur muka riƙe shi zuwa asibitin Rano. Abin da na iya tsinta daga bakinsa a hanya shi ne, "Kada ku ƙone su, gidansu aka rusa." Bai kai magariba ba. Shanun ma duka sun mutu a kan turke.

Wakilinku ya zo ta'aziyya ya ce tsautsayi ne. Mun yarda da ƙaddara, mu Musulmi ne. Amma ganganci sunansa ganganci.

Na uku. Ku zo ku ga abin da kuka bar mana. Kabewa da kankana suna fure suna zubarwa, ba ƙudan da zai bi su. Balbela ta bar kududdufin da kuka fara cikewa da shara. Mujiya da tunku sun gudu, ɓera ya samu gari yana wasa a rumbunanmu, maciji ya biyo shi har ƙarƙashin gadon mahaifiyata. Maƙwabcinmu Jauro ya rasa inda maruƙansa za su sha inuwa. Wace irin unguwa ce wannan da za a kori kowane mai rai, a bar bulo da kwano suna gasa mutane?

Yanzu kuma kun shafa wa sauran itatuwan jan fenti, kuma a kansu ragowar amyoyin suke, da su nake ciyar da mahaifiyata da ƙannena. Samarin unguwa sun tanadi fetur da adduna, sun rantse katafila ta dawo sai ta zama toka. Ni nake bin su gida gida ina ba su baki, alhali ni ma hannuna ƙaiƙayi yake. Ban san har zuwa yaushe za su ci gaba da jin maganata ba.

Buƙatunmu ga su. A goge jan fentin nan, a bar kurmin da kududdufinsa a tsakiyar unguwa, titi ya kewaye su. A bar zirin itatuwa daga nan zuwa gindin dutse don namun daji su sami hanyar ruwa. Duk wanda aka ba fuloti a sa shi ya dasa ɗorawa ko tsamiya a ƙofar gidansa. Wurin amya kuma mu za mu nuna muku inda ya dace, nesa da yara, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In kuwa kun ƙi, kun ce sai kun sare, to don girman Allah ku aiko a gaya mana ranar, mu kwance dabbobinmu, mu shigar da tsofaffinmu ɗaki. Da wannan kaɗai kuka yi wancan karon, da yau ina da uba.

Allah Ya ba ku ikon yin adalci, Ya kare naku iyayen daga irin ganin da na yi wa nawa.

Wassalam.

Habibu Ado Mai Zuma,
daga ƙasar Rano.