Ruwan Allurar Tasi'u

Yargalma, 4 ga Satumba, 2014

Zuwa ga Yaya Lukman,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Shamsiyya. Yaya aikin kamfani? Inna tana gaishe ka.

Tasi'una ba lafiya, ƙirji ne da zazzaɓi. Ubansa yana ramin zinari, sati uku ko leƙe. Makau mai kemis ya ce allurar gari zai yi masa kwana biyar, amma ruwan da ake dama ta ya ƙare. Wai in tafasa na rijiya in kawo, duk ɗaya ne. Na tafasa, na tace da sabon kallabina, ya yi masa ta farko.

Raina dai bai kwanta ba. Ba kai ne da Sallah kake ba mu labari ba, cewa a kamfaninku na Kano sai kun mai da ruwan allura tururi, kun tace, kun sake tacewa? Har Inna tana dariya, wai ruwa ya samu gata. Don Allah ka ba direban da ya kawo maka takardar nan ko kwalba huɗu ya taho da su.

Ƙanwarka,
Zulai

Yargalma, 19 ga Satumba, 2014

Yaya Lukman,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Mu dai sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso jiya tare da takardarka. Ka ce ba a fitar da ko kwalba ɗaya sai da sa hannun manaja, shi kuwa ya yi tafiya. Ka ce kada in yarda da ruwan rijiya, tafasawa ba ta isa. To, na sha karatu, na gode.

Wurin allurar ya kumbura ya yi ruwa, jikin ya rikice. Muka ɗauke shi a babur zuwa asibiti, likita ya ce cutar ta riga ta shiga jini. Ya tambayi wanda ya kawo ruwan. Yaya, ni ce. Kowace safiya in Makau zai yi masa allurar da ruwan rijiyar, ni nake danne masa ƙafa yana kiran sunana. Ranar Talata aka kai shi makwancinsa.

Ban ce kai ka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Sai dai wallahi ban san duk faɗin Kano babu kemis ba, sai kamfaninku.

Kwalba ashirin ka aiko. Na kai wa Makau sha tara saboda 'ya'yan mutane. Ɗaya tana kan taga. Inna takan ɗaga ta a rana ta duba, ta ce lallai ruwan naku ya tatu.

Ka gaida manaja.

Zulai