Saitin Parvan

Alhamis, 4 ga Mayu

Wani ya taɓa min bindiga.

Likita ya ce idon ya warke, yanar da aka cire ba ta bar komai ba, in koma harbina. Na biya gida na ɗauko bindigar iskata, na wuce filin kulob. Harbi ɗaya na yi na ɗago kai. Shekara talatin na yi ina koyar da waƙa a makaranta, kunnena ba ya yi min ƙarya. Da muryarta gajeriya ce, ta ce tak ta yi shiru. Yau haushi take yi, da wani dogon huci a bayansa. Agogon regileta kuwa, abin da ke daidaita ƙarfin iska, yana nan a ɗari da goma, inda mijina Parvan ya bar shi kafin ya rasu. Amma a mita hamsin harsasai sun warwatsu kamar an watsa wa kaji tsaba.

Gasar garin Lovech sha bakwai ga Yuni. Ita ce ta farko da zan je ba tare da Parvan ba.

Juma'a, 5 ga Mayu

Mutum biyu ne ke da makullin kabad ɗin da nake ajiye bindigar, ni da 'yata Bilyana. Na kira ta, ta ce tana tuƙi. Bilyana ba ta taɓa fasa surutu don tana tuƙi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Asabar, 6 ga Mayu

Idin Gergyovden, gasasshen ɗan rago a gidan Bilyana. Na yi wa kaina alkawari ba zan ɓata musu biki ba. Alkawarin ya kai har lokacin da aka kawo salak.

Na dubi mijinta Ognyan na tambaye shi ya ya ji daɗin bindigata. Cokali ya tsaya masa a hanya. Ashe ina kwance da bandeji a ido, tasa ta tafi gyara, ga gasar mita ɗari ta matso, sai Bilyana ta buɗe kabad ta miƙa masa tawa. Shi kuma ba ya harbi da ƙananan harsasai masu siket irin namu, sai silag, dunƙulen dalma mai nauyi da samari suka haukace a kansa. Silag na son iska da yawa, sai ya ƙara wa regileta ƙarfi, ya matse sifirin ɗin gudumar da ke sakin iska. Da ya gama ya mayar da agogo inda yake, har hotonsa ya ɗauka a waya, yana nuna min kamar shaidar kirki. Na ce sifirin fa, juyi nawa ka yi masa? Bai ƙirga ba.

Sai ya ƙara da cewa, wai don in ji sanyi, “Mama, har bututun na wanke miki tas.”

Bututun da ya sha dalma ya kwanta, wanda ko tsumma ba na bari ya shiga! Na ce masa, “Hannun mutumin da ke kabari ne a cikin bindigar nan. Shi ka goge.”

Bilyana ta fara kuka. Na ɗauki jakata. Ragon ma gishiri ya yi masa yawa.

Talata, 9 ga Mayu

Ognyan ya kira sau ba adadi. Ban ɗauka ba. Ya turo saƙo wai in ba shi ita yini ɗaya, yana da na'urar auna gudun harsashi, zai mayar da ita daidai. Daidai da me? Ya san daidai ne ya ɓata?

Parvan bai taɓa rubuta komai ba. Ya saita ta da hannunsa tun ranar da ya saya min ita, ya ce kar in taɓa komai sai kunama. Ban taɓa ba. Da saitin nan na ciyo kofuna uku da ke kan talabijin. Rigunansa na rabar, motarsa na sayar, wannan kaɗai na riƙe yadda ya bar shi. Wani mai gemun akuya ya zo ya murɗe shi don ya huda takarda a mita ɗari.

Lahadi, 14 ga Mayu

Na buɗe sabon gwangwanin harsashi, na zaɓe masu lanƙwasasshen siket na zubar, na auna sauran a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Duk a banza. Gudu suke yi fiye da ƙima, mai siket kuwa in ya yi gudu da yawa rawa yake yi a iska.

Matasan kulob suna can gefe da silag ɗinsu, kowa bindiga kamar famfon ban ruwa, suna kallona ta wutsiyar ido. Ɗaya ya ce, Anti Nedka, ko idon ne bai gama washewa ba? Na ce idon ya washe har ina hango ƙarancin tarbiyyarsa daga nan.

Laraba, 17 ga Mayu

Na yi abin da na yi.

Na ce tunda iska ce ta yi yawa, in rage ta. Na ɗauko alankin Parvan daga akwatinsa, na sa a sukurun regileta na murɗa baya. Na ji ya yi tauri, na ƙara ƙarfi, don a fusace nake. Wani abu ya ce ƙis a ciki.

Yanzu in na ajiye ta, allurar agogo sai ta riƙa hawa da kanta a hankali. Harbin farko yana tafiya inda ya ga dama. Garin neman gira.

Laifin Ognyan ne. Da bai taɓa ba, da ban taɓa ba.

Litinin, 22 ga Mayu

Bilyana ta ajiye min banitsa, gasasshiyar wainar cuku, a bakin ƙofa, ba ta ƙwanƙwasa ba. Na cinye, don ba banitsa ce ta yi min laifi ba.

Juma'a, 26 ga Mayu

Na haɗiye girman kai na kai ta garejin tsoho Evlogi, abokin Parvan, mai injin cika iska. Ya sa tabarau ya dubi allura tana hawa, ya tambaye ni ko na sauke iskar tulun bindigar kafin in rage regileta. Na ce wace iska? Ya dafe kai. Ashe ƙarawa ake yi da iska a ciki, ragewa kuwa sai an zazzage ta kaf, in ba haka ba sai sukurun ya tauna 'yar robar da ke toshe hanya. Ya ce na yi gyaran gangar Auzinawa. Na ce ban zo jin wa'azi ba, ya canza robar, ya mayar min da saitin Parvan.

Ya ce, “Wanne daga ciki?”

Na ce saitin Parvan guda nawa ne?

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ga fuskata ya daina. Ya ce, “Nedka, duk jajiberin gasa da yake cewa zai kawo ta a cika iska, cika iska minti nawa ne? Nan yake zama a kan kujerar nan. In zafi ne ya sassauta sifiri, in sanyi ne ya matse. Kika buɗe sabon gwangwani, sai ya sake ta daga farko. Ya harba, ya saurara, ya murɗa. Sai ta yi masa yadda yake so muke shan rakiya, barasarmu ta gida.”

Na ce ƙarya yake yi. Ya ce saitin da na riƙe tun rasuwarsa na watan Oktoba ne, na sanyi, ko ba wanda ya taɓa shi ba zai yi min aiki a zafin Yuni ba. Agogo kaɗai Parvan yake mayarwa kusa da inda na saba gani, don kar in tayar da hankali. Wai cewa yake yi Nedka in ta san ana taɓa bindigarta, bindigar za ta riƙa saurare ta manta da abin da take harbi.

Robar ma ba shi da irinta. Ya ce a duk garinmu Troyan mutum ɗaya ne ke ajiye su. Ban tambayi ko wane ne ba, na sani.

Asabar, 27 ga Mayu

Munafukai. Dukansu, na raye da na mace.

Asabar, 3 ga Yuni

Ranar tuna matattu. Na dafa alkama, na sayi 'ya'yan ceri da kwalbar jan giya, na tafi maƙabarta. Mata suna ta rabon alkama suna share hawaye a kan kaburburan mazansu, ni kuwa faɗa na je yi.

Na zuba masa giyar a kan ƙasa kamar yadda ake yi, na kunna kyandir, na zauna na wanke shi tas. Na ce shekara da shekaru kana dawowa da warin rakiya ina yi maka masifa, ka tsaya kana murmushi kamar wawa, ba ka taɓa buɗe baki ka ce ga abin da ka je yi ba. Ka mai da ni 'yar tsana. Ina yawo ina cika baki cewa bindigata ba a taɓa ta, ashe duk gari ana yi min kallon sakarai. In ka iya murɗawa, me ya hana ka koya min? Ka san za ka mutu, likita ya faɗa maka tun bazara.

Matar kabarin kusa ta matsa da kujerarta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba wata lamba da zan nema. Da na ɗauka wani abu ne Ognyan ya ɓatar, in na matsa za a gano shi. Ashe abin da ke saita min bindiga yana nan ƙarƙashin ƙasar da na zuba wa giya, tun Nuwamba. Na yi kuka, amma na haushi ne.

Da zan fita na hango Bilyana da mijinta a bakin ƙofa, sun tsaya nesa suna jira in tafi kafin su shigo. Na wuce su, sannan na dawo na miƙa musu alkama, don ba a hana kowa alkamar mamaci. Na ce da Ognyan, “Talata, garejin Evlogi. Ka zo da robar da na'urarka. Hannunka kuma ya zauna a aljihu.”

Talata, 6 ga Yuni

Ya zo kafin ni, da rigar zuwa coci. Evlogi ya canza roba. Alanki yana hannuna, ban ba kowa ba.

Mun sauke iska kaf tukuna. Na sassauta sifiri har ƙasa, ina ƙarawa kaɗan kaɗan, ina harbi, Ognyan yana karanto min gudu daga na'ura. Gudu ya yi ta hawa, sannan ya tsaya, ƙara kawai ke ƙaruwa. Ya ce nan ne ƙololuwa, daga nan sai a ɗan koma baya. Na ce na ji da kunnena tun kafin na'urarsa ta farka. Ya ce haka ne, Mama. Komai na faɗa haka ne Mama, har ya fara ba ni haushi.

Ba ta zauna ba tukuna. Huci ya tafi, amma harsasai suna yin layi sama da ƙasa.

Lahadi, 11 ga Yuni

Kwana biyar ina abu ɗaya. Kafaɗa ciwo, gwangwani biyu sun ƙare. Ɗari da goma ba ta so, sai da na sauko da regileta ƙasa da haka. Na ga allura ta bar wurin da na saba ganinta. Na ce a raina, kai ka jawo, Parvan.

Da yamma ta ce tak. Harsashi biyar, rami ɗaya da ɗan kunne.

Ba muryarta ta da ba ce, wannan ta ɗan fi zurfi. Evlogi ya ce shi bai ji bambanci ba. Evlogi ko ƙararrawar coci ba ya bambance ta da murfin tukunya.

Ognyan ya ajiye gwangwanin silag a gefen jakata, wai kyauta, ko wata rana. Na ce ya kwashe tsiyarsa. Ya manta shi a nan, da gangan.

Asabar, 17 ga Yuni

Lovech. Ta huɗu.

Iska ce ta juya a katin harbi na biyu, ni kuma na yi gardama da tutar da ke nuna iska maimakon in jira. Bindiga ba ta da laifi, kuma wannan karon na san haka da kaina, ba faɗa min aka yi ba. Ta huɗu ba ta da kofi, ba ta da komai, sai musabaha da wani shugaba mai gumin hannu.

Bilyana ta rungume ni tana cewa Baba zai yi alfahari. Na ce Babanki maƙaryaci ne. Ta yi dariya, ta zaci wasa nake yi. Ognyan ne ya tuƙo mu gida, kamar mai ɗauke da ƙwai, na ce ya taka mota ko in sauka in tafi a ƙasa.

Ban ce na yafe ba. Bututun nan har yau ina jin zafinsa.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Na daɗe ban rubuta komai ba.

Sanyi ya sauko daga dutse, yau da safe har raɓa ta daskare a kan mota. Na harba biyu a filin bayan gidana na ji ta yi nauyin baki. Gasar kaka Asabar mai zuwa. Na sa alanki a aljihu na tafi garejin Evlogi. Ognyan yana can, wai wucewa yake yi, da na'urarsa a hannu.

Na matse sifiri kaɗan, na saurara, na ƙara kaɗan. Da ta dawo hayyacinta, tunda akwai sauran rana, na ce a ga abin da dunƙulen banzan nan ke yi a mita ɗari. Don in tabbatar ba shi da amfani ne kawai. Wannan karon ni na ƙirga juyin, da ƙarfi, a kunnensa. Na huda murfin kwalba. Sa'a ce.

Na mayar da ita kan masu siket da hannuna, na sauke iska tukuna ba wanda ya tuna min. Evlogi ya fito da ƙananan kofuna uku. Kujera ɗaya ce ta rage a garejin, na zauna a kanta.

Bilyana ta kira, abinci ya huce, ina muka shiga tun azahar? Ognyan ya dube ni da waya a kunne. Na karɓi wayar na ce mata iska muke cikawa.