Babu Ganye a Kan Kwalta

Beira, farkon Nuwamba

Zuwa ga matata Nangondo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki, yaya kumburin ƙafar nan? Ki gaishe mini da mahaifiyarki, Amayi, da ƙanenki Yosefe. Ni lafiyata lau, in ban da zafi da sauro da kewarki.

Wani direban motar takin zamani zan ba wa takardar ya ajiye miki wajen masu tumatir na bakin titin Linthipe. Su kayansu sun iso, sun loda sun kama hanya. Mu masu tankar mai aka bari jibge a fili muna kallon juna. Kada ki wahalar da kanki da hawa surin bayan coci neman sabis da wannan ciki, ko kin samu layina ba ya aiki a ƙasar nan.

Jirgin ruwan da ya kawo man gwamnatinmu yana nan, da idona nake ganinsa in na taka bakin teku. Ya tsaya can nesa ya ƙi matsowa, wai sai an turo dala daga Lilongwe. Kullum wakilin kamfanin mai na gwamnati sai ya zo da rigarsa mai guga ya ce mana gobe. Goben nan tasa na ji ta har ta fita a raina. Mu da ba mu da teku haka za mu ƙare, a tsakar gidan maƙwabta muna jiran abinmu.

Da Madala Nyirenda nake cin abinci, tsohon nan mai farin gashin baki da ya taɓa kawo miki busasshen kifi. Bayan katanga muke hura wuta, don ba a kunna ko ashana kusa da tanka. Jiya na tuƙa mana tuwon masara, ya danna shi da yatsa ya ce, "Kai Sositeni, wannan abinci ne ko bulo? Bar shi mu sa wa taya waigi." Na yi dariya, amma tuwonki na tuna.

Yanzu ki saurare ni. Nas ta ce kwanciyar ɗan ba daidai take ba, a babban asibitin gunduma za ki haihu. Kafin in taho na ga motar ƙaramin asibitinku a ajiye ƙarƙashin mangwaro, kaji na kwana a inuwarta, babu ko ɗigon dizal. Don Allah ki tafi gidan jiran haihuwa na babban asibitin tun da wuri, Amayi ta bi ki ta riƙa yi miki girki. Shekarun da muka yi muna roƙon wannan ciki kin fi ni sanin yawansu.

Ki huta lafiya. Naki,
Sositeni

Beira, ƙarshen Nuwamba

Nangondo,

Ina gaishe ki, ina gaida Amayi da dukan gida. Yaya ƙarfin jiki? Amsarki ta zo hannuna, na karanta ta har takardar ta yi laushi. Na ji daɗin ganin rubutunki, amma ban ji daɗin abin da ke ciki ba.

Wai sai an yi ruwan farko kun gama shuka za ki tafi, wai da sauran lokaci, wai Amayi ba za ta bar gona ba. Masarar ba za ta tsiro ba sai kin tsaya a kanta? Ina Yosefe, hannunsa ya karye ne? Na san ni zaman aure ya kawo ni garinku, maganar gona ba tawa ba ce, amma maganar wannan ciki ina da baki a cikinta. Kin kuma ce bas ta yi wuya, wadda ta samu mai sai ta cika tun daga tasha. To ai shi ya sa nake cewa tun yanzu. Raina ya ɓaci, na faɗa miki gaskiya, sai dai ban iya dogon fushi da ke daga nesa haka.

Ga labari mai daɗi. Jirgi ya matso, an yi mana lodi. Dizal na ɗauko, cike fal, sun ɗaure kowane baki da waya sun buga hatimi. Daga nan har defon gwamnati na Kanengo a Lilongwe, in hatimin nan ya tsinke ko da bisa kuskure, ni da aiki mun rabu, wataƙila har da gidan yari. An kuma sanar da mu cewa daga iyakar Dedza sojoji za su raka ayarin, kowace mota da nata a gaba, babu tsayawa ko don fitsari, saboda mutane sun fara tare tanka da jarkoki. Ke nan zan wuce ta gaban garinku ban taka burki ba.

Ga yadda za mu yi. In na zo daidai masu tumatir zan danna hon sau uku. In har ba ki tafi ba, ki fito da zanen nan ruwan ƙwai in gan ki. Amma na fi so in duba in rasa ki, in san kina can hannun likitoci.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk direban da ya tunkari garinsu, kwalta yake fara dubawa, ko an shimfiɗa ɗanyun rassa. Kin san in an yi rasuwa haka ake sa su a mashiga da mafita, mota ta rage gudu, mai keke ya sauka ya tura, mai hula ya cire. Na wuce ganyen garuruwan mutane ba iyaka, ina cire hula ba tare da na san wa ya tafi ba. Wannan karon tun daga nan gabana yake faɗuwa.

Na saya wa baƙonmu mayafi a kasuwa, fari mai hoton agwagi. Madala ya yi ta faɗa, wai ba a yi wa wanda bai iso ba sayayya. Na ce masa hannuna ne ya riga hankalina. Kada ki gaya wa Amayi.

Allah ya sauke ki lafiya. Mijinki,
Sositeni

Kanengo, Disamba

Nangondo tawa,

Gaisuwa da murna! Yaya jiki, yaya abincin asibiti? Na san Amayi tana can tana kushe murhunsu.

Ashe kina jin magana. Mun wuce Linthipe da hantsi, an yi ruwa, ƙasa tana ƙamshi, gonaki duk an yi kunya. Tun daga gangaren gada na kafa wa kwalta ido. Wayam, Nangondo! Babu ganye ko ɗaya, daga mashiga har mafita. Na duba wajen masu tumatir, babu zane ruwan ƙwai. Nan take na haɗa lissafina: ba wanda ya mutu, kuma kin tafi. Ƙawarki Nachisale ta miƙe da ta ga motata, ta ɗaga hannu, sai kuma ta kai shi baki. Ina jin mamakin ganina da soja a gefe ne ya kama ta.

Hon uku na yi alkawari, amma ban san ko nawa na danna ba. Na yi ta dannawa har muka bar garin. Sojan ya toshe kunne ya ce, "Kai direba, biki kake yi ne?" Na ce, "Biki nake yi, ofisa, na kusa zama uba." Ya ce, "To ka kai mu da rai, uban yara." Har biredinsa ya gutsura mini.

Da muka shigo Lilongwe, motoci sun yi layi a gidajen mai har ba ka ganin ƙarshensu, wasu masu su sun shimfiɗa tabarma a gefe. Suna ganin ayarinmu suka hau tafi da guɗa, wata tsohuwa har da rawa. Tunda nake tuƙi ba a taɓa yi mini tafi ba. Na ce a raina, ku yi, yau ranata ce.

Yanzu muna layin juye kaya a defo. Direba ba ya barin motarsa sai an yanke hatimi a gabansa an tsoma sandar awo, kuma tankokin da ke gabana suna da yawa. Da an sallame ni, asibiti zan nufo. Na naɗe takardar nan cikin mayafin agwagin, wani da ya juye nasa zai bar wa Nachisale, Yosefe ya kai miki. Kada baƙo ya riga ni isowa ya tarar ba abin rufa.

Naki mai ɗokin ganinku,
Sositeni

Kanengo

Nangondo,

Ina gaishe ki. Yaya jikinki? Jinin ya tsaya? Kina iya cin wani abu? Ki gaida Amayi, ki ce mata na gode da wahalar da ta sha.

Yosefe ya iso jiya da yamma a kan keke, ƙafafunsa duk taɓo. Masu gadi ba su bar shi ya shigo ba, ta ragar katanga muka yi magana. Ya gaya mini naƙuda ta zo miki kafin lokaci, kuna tsakiyar shuka. Ya ce ya ruga ƙaramin asibiti, direban motar ya buɗe masa tanki ya nuna masa da hawaye a idonsa. Ya ce a amalanken shanu aka ɗauke ki, kuma ba ku kai ko rabin hanya ba kika haihu. Ya ce duk wannan ya faru kwana biyu kafin in wuce.

Na sani, Nangondo, tun tasowata na sani. Jaririn da bai yi kuka ba, ba a sare masa reshe, ba a buga ƙararrawar coci, ba a zaman makoki. Tsofaffin mata ne suke ɗaukarsa su kaɗai su kai shi, su dawo ba wanda ya ɗaga murya. Duk wannan na san shi, amma da na ga kwalta wayam sai ya fice mini fit. Abin da nake so in gani shi na gani.

Yosefe ya ce kina kwance a ɗaki kika ji hon. Ya ce kin ƙirga uku, kika juya fuska bango, sai kuma kika ji na ci gaba kamar motar amarya. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Na wuce ta ƙofarki da dizal ɗin da zai cika motar asibitin nan sau ɗari, ina murna.

Akwai ƙunshi a hanya, ya riga Yosefe tashi, sun yi saɓani. In bai iso ba, ki ce Nachisale ta riƙe shi wajenta. In ya iso, kada ki karanta takardar da ke ciki, ki sa ta a murhu. Mayafin kuma ki yi yadda kika ga dama da shi. Maganar shuka da na yi miki faɗa a kai, ki manta da ita. Ba laifinki ba ne, kuma ba za ki ƙara jin ta a bakina ba.

Da safen nan aka yanke hatimina, awo ya cika cif, ma'aikacin har ya yaba mini. Ya ce na asibitoci za a fara rabawa, wataƙila jibi motarku ta tashi. Madala ya kawo mini shayi, ya zauna kusa da ni. Shi ne ya je ya roƙar mini hutu, don an so mu juya Beira gobe. Zai kai miki wannan a hanyarsa ta komawa. Ni sai na miƙa motar a garejin mai ita, sannan Yosefe ya goyo ni a keke.

Zan shigo a ƙafa ta bayan coci, ba za ki ji zuwana ba. Ba zan tambaye ki inda aka sa shi ba, na san ba a nuna wa maza. Abu ɗaya kawai nake roƙo, in kin ji za ki iya, ko ba ranar ba. Na tambayi Yosefe, ya ce matan ba su gaya masa ba. Ki faɗa mini, namiji ne ko mace.

Mijinki,
Sositeni